Rani Ɗaya a Kogin Galma: Lissafin Ruwan Dam Tsakanin Famfo da Fadama

A farkon watan Nuwamba na je gaida kawuna a lambunsa da ke fadamar Galma, can ƙasa da gadar Dakace. Na tarar da shi tsugune gaban fangalin renon tumatir, irin ya kusa kai taƙi, kwanaki kaɗan suka rage a fara dashe. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da yara, sai ya ce, "Kai da ka karanta aikin ruwa, gaya mini gaskiya. In na dasa gonar nan duka, kogin nan zai kai ni Maris?"

Na ce, "Kawu, ai yanzu akwai babban dam a sama."

Ya ce, "Dam ɗin na san da shi, ɗana. Ruwan da zai iso nan nake tambaya."

Ban iya ba shi amsa a ranar ba, abin kuma ya tsaya mini a rai, domin mutum ne da zai zuba kuɗin taki da fetur da na 'yan ƙwadago a kan abin da zan faɗa. Da na koma gida na buɗe kwamfuta na zauna da tambayar tasa kusan mako guda. Abin da ke biye shi ne lissafin da na yi da abin da ya nuna mini.

Yadda ruwan yake tafiya

Galma reshen Kogin Kaduna ne, shi ne kuma babban kogin da Zariya ta dogara da shi. Ruwan sama a nan yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara ko ɗan sama da haka, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, Agusta ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Daga Nuwamba sama ta rufe, kogi ya fara janyewa. Wata bakwai kenan da duk mai buƙatar ruwa zai ci daga abin da aka tara.

Tsohuwar matatar ruwan Zariya tun 1939 take. A 1975 aka gina madatsar Zariya a kan Galma, wadda mutane suka fi sani da dam ɗin Shika. Gari ya ci gaba da faɗaɗa, Samaru ta haɗe da Hanwa, Tudun Wada ta cika ta batse, ruwa kuwa bai ƙaru ba. Duk wanda ya tashi a Gyallesu ko Tudun Jukun ya san ƙarar kurar 'yan garuwa da asuba. Daga baya aka gina madatsar Galma a Kuzuntu, ƙaramar hukumar Kubau, mai cin ruwa kubik mita miliyan 186 (kubik mita ɗaya lita dubu ne), aka kuma gina sabuwar matata mai iya tace lita miliyan 150 a kullum. Gwamnatin tarayya ce ta ɗauki aikin madatsar, Bankin Raya Afirka da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi suka shiga da rance a ɓangaren manyan bututu da tankuna da rarraba ruwa cikin gari.

Wurin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ruwan da aka saki daga Kuzuntu kogin yake bi har ya iso madatsar Zariya, inda ake zuƙarsa a kai matata. Tsakanin nan da can akwai tafiya mai nisa ta cikin fadamu, gefe da gefe manoman rani ne da injinansu, ga mashayar shanu, ga masunta. Sai kuma waɗanda ke ƙasa da madatsar Zariya, irin su kawuna, waɗanda sai abin da ya wuce kowa yake isa gare su.

Rumbu da mudu

Abin da injiniyoyi ke kira samfurin lissafin tafki ba baƙon abu ba ne ga duk magidancin da ya taɓa riƙe rumbu. Da kaka ya ƙirga damman da ya shigar, ya fitar da zakka, ya ware iri, ya san mudu nawa ake awo a kullum, ya kuma san gara da ɓera za su ci nasu. Daga nan zai gane ko hatsin zai kai shi sabon gero ko sai an rage hannu. Haka tafki yake. Ruwan da ke ciki a ƙarshen wata shi ne na farkon wata, a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da aka saki, da abin da rana da iska suka ɗauke, da abin da ya tsiyaye ta ƙasa, da rarar da ta malale ta kan mafita idan tafkin ya cika. A maimaita wata bayan wata. Tun 1883 wani injiniya mai suna Rippl ya wallafa hanyar gano girman tafkin da ake buƙata ta tara ruwan shiga da na fita, kuma manhajojin zamani irin WEAP da HEC-ResSim a kan wannan ginshiƙin suke tsaye. Ni da Excel na yi nawa, layi bakwai, daga Nuwamba zuwa Mayu, kwana 212.

Alƙaluma biyu na ɗauka daga abin da aka bayyana ga jama'a, wato girman madatsar da ƙarfin matatar. Sauran na gwaji ne da na sa da hannuna don in ga yadda lissafin ke motsi, kuma zan nuna kowanne a inda ya shigo.

Lita miliyan 150 a rana kubik mita 150,000 ne. A shekara kusan miliyan 55, a kwana 212 na rani kuwa kusan miliyan 32. Mutum ya ɗora wannan a gefen miliyan 186 sai ya ce ai ruwan shekara uku ne har da ɗoriya. Ni ma abin da ya sa na ba kawu waccan amsar ta farko kenan, kuma kuskure ne.

Na farko, ba duk ruwan da ke cikin tafki ake iya fitarwa ba. Akwai ruwan gindi, wanda ke ƙasa da bakin ƙofar saki, shi ne kuma mazaunin laka. Na ware masa kashi ɗaya cikin goma, miliyan 19. Saura 167.

Na biyu, rana da iska. A nan na fi daɗewa, domin ban taɓa zama na auna girman abin ba. A watannin hunturu da bazara, buɗaɗɗen ruwa a wannan yanki yakan rasa milimita biyar zuwa bakwai a kullum. Ɗauki shida. Milimita shida a kan murabba'in kilomita ɗaya kubik mita 6,000 ne, wato lita miliyan shida, kullum, ba tare da kowa ya buɗe ƙofa ba. Tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25 yana miƙa wa sama daidai abin da sabuwar matatar Zariya ke tacewa idan tana aiki da cikakken ƙarfinta. Na sa matsakaicin faɗi na murabba'in kilomita 20 a tsawon rani, tunda ruwa na ja faɗin na raguwa, sai ya ba ni miliyan 25. Wannan kason ba a roƙonsa ya yi haƙuri, ba a yi masa rabon kwana.

Na uku, kogin kansa yana sha. Yashi na tsotsewa, kududdufai na cika, rana na ɗauka a hanya. Idan kashi ɗaya cikin biyar ya salwanta, sai an saki miliyan 40 kafin 32 su iso matata.

Na huɗu, noman rani. Bisa ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tumatir yana buƙatar milimita 400 zuwa 800 daga dashe zuwa tsinka, albasa 350 zuwa 550, alkama 450 zuwa 650, rake kuwa 1,500 zuwa 2,500 a shekara. Milimita 600 a hekta ɗaya kubik mita 6,000 ne. Amma yadda muke ban ruwa, a kora shi ta lambatun ƙasa a cika fangali ya yi fal, rabinsa ba ya zuwa ga saiwa. Hekta ɗaya kenan tana jan 12,000. Na gwada da hekta 3,000 a tsawon kogin, ya tashi miliyan 36, ya ɗara na famfon gari gaba ɗaya.

Na biyar, kogin da ke ƙasa: shanu, kifi, masu wanki, manoman Dakace da na gaba da su har inda Galma ya faɗa Kogin Kaduna. Na bar musu kubik mita ɗaya a kowace daƙiƙa, miliyan 18 a kwana 212.

A haɗa 25 da 40 da 36 da 18, an samu 119. A cire daga 167, saura 48 a ƙarshen Mayu. A shekarar da tafki ya cika da kaka, kowa zai samu, har da ɗan abin da zai kwana. Da a nan lissafin ya tsaya, da na koma wurin kawu na ce ya dasa.

Shekarar da damina ta gaza

Tsofaffin Zariya ba su manta da farin 1973 ba, haka na 1983 da 1984. Tashar binciken aikin gona ta Samaru tana auna ruwan sama tun shekarun 1920, kuma duk wanda zai gwada dokar sakin ruwa da gaske, a kan irin waɗancan shekaru ya kamata ya gwada ta, musamman idan biyu suka zo a jere. Shekarar wadata ba ta tona asirin kowace doka.

Na ƙaddara an fita rani da waccan rarar ta 48, da ruwan gindi 19, jimla 67. Damina ta zo da rauni, ta ƙara 53 kacal. Ranar 1 ga Nuwamba tafki yana kan 120, abin da za a iya fitarwa 101. Tunda faɗin ruwan ya ragu, kason rana ya sauko zuwa 19. Buƙatun mutane suna nan yadda suke, 94. Jimla 113. Giɓin miliyan 12 ne.

Miliyan 12 cikin 113 ba wani abin tashin hankali ba ne a takarda, kashi ɗaya cikin goma ne da ɗan kai. Abin da ya girgiza ni shi ne yadda wannan giɓi ɗaya yake sauya kama gwargwadon ranar da aka yarda akwai shi.

Hanya ta farko ita ce wadda ake bi idan ba a tsara komai ba: a saki wa kowa abin da ya nema muddin akwai. Nuwamba lafiya, Disamba lafiya, har ƙarshen Maris babu wanda ya ji a jikinsa. Manoma sun tsinke tumatirinsu, kwanduna sun tafi kasuwa. A ƙarshen Maris jadawalin ya nuna saura kusan miliyan 10, wanda zai ƙare wajen 28 ga Afrilu. Daga nan famfo ya ɗauke ɗungurungum, a tsakiyar bazara, lokacin da rijiyoyi suka yi ƙasa, zafi ya kai maƙura, asibitoci da makarantun kwana suka fi buƙata. Kuma ko an yi ruwan farko a Mayu, kogi ba ya tasowa sai ƙasa ta ƙoshi, wanda yakan kai Yuni ko Yuli. Mai kuɗi zai sayi tanka. Matar da ke haya a ɗaki ɗaya a Sabon Gari ita za ta raba kuɗin cefane biyu ta ba ɗan garuwa rabi, ko ta aiki yara su ɗebo daga inda bai kamata a sha ba.

Hanya ta biyu ita ce wadda ake ganin ta fi hankali: ruwan sha ne gaba da komai, saboda haka idan aka ga tafki ya yi ƙasa, a tsayar da na noma. A lissafina, ana farga ne wajen ƙarshen Fabrairu. Watan ƙarshe na ban ruwa, da yake zafi ya shigo, shi kaɗai yakan ci kusan sulusin ruwan noman duka, wato miliyan 12 cif. A yanke shi, giɓi ya cike, famfo ya kai ƙarshen Mayu. Jadawali ya yi kyau. Amma ƙarshen Fabrairu tumatir yana tsakiyar fure da ɗaure 'ya'ya, lokacin da ƙishi ya fi yi masa illa. Manomi ya riga ya biya haya, ya sa taki sau biyu, ya ƙona fetur na wata uku, wani da bashin dillali a wuyansa. An ceto miliyan 12, an kuma zubar da amfanin miliyan 24 da gonakin suka riga suka sha, hekta 3,000 duka sun taɓu.

Hanya ta uku: ranar 1 ga Nuwamba a duba ma'auni, a ga 120, a yi lissafin nan na layi bakwai, a sanar kafin a fara dashe cewa bana ruwan hekta 2,000 ne. Mai kadada uku ya dasa biyu. Miliyan 12 ɗin nan dai ita aka ceto, ba ƙari ba ragi. Amma abin da aka dasa zai nuna, kuɗin takin da ba a kashe ba yana aljihu, wanda ya ga dama ya juya zuwa albasa ko ya rage rake. Masana suna kiran wannan dabara rage hannu da wuri: a karɓi ƙaramar asara yanzu don kauce wa babba a gaba. Kowace uwargida da ta taɓa rage mudu tun watan bakwai ta san ta.

Ruwa ɗaya aka rasa a hanyoyin uku. A ta farko gari ne ya kwana da ƙishi sama da wata guda, a ta biyu jarin manoma ya ƙone, a ta uku kowa ya ɗan matse. A 1982 wasu masana uku, Hashimoto da Stedinger da Loucks, suka ba da shawarar a riƙa yi wa kowace dokar tafki tambaya uku: sau nawa take gazawa, tsawon wane lokaci take ɗauka kafin ta farfaɗo, kuma idan ta gaza yaya munin abin yake. Hanya ta farko tana cin jarrabawar tambayar farko, domin kusan wata shida cikin bakwai babu gazawa, shi ya sa take da daɗin kai rahoto. A tambaya ta uku take faɗuwa warwas. Ni a ganina, ga gari irin Zariya, tambaya ta uku ce ta fi nauyi.

Ko hanya ta uku ma da ƙyar ta kai 31 ga Mayu, babu ko ɗigo na ajiya. Idan ana so a riƙe na ƙarin kwana talatin saboda jinkirin damina, sai an samo wasu miliyan goma. Na gwada rage na gari da kashi ɗaya cikin goma tun daga Nuwamba, ta hanyar rabon kwana tsakanin unguwanni, ya ba da miliyan 4. Na sauko da na ƙasan kogi daga kubik mita 1 zuwa 0.7 a daƙiƙa, ya ba da miliyan 5 da rabi. Hannuna ya yi nauyi a kan wannan layin na ƙarshe, domin lambun kawuna yana cikinsa.

Ƙofa ba ta san mai sha ba

Sai da na gama duk wannan sannan na lura da wani abu da ya rusa hanya ta biyu tun daga tushe. A jadawali, ruwan gari layinsa daban, na noma layinsa daban, ina iya goge ɗaya in bar ɗaya. A Kuzuntu kuwa ƙofa ce ake buɗewa, ruwa ya faɗa kogi ɗaya. Injin manomin da ke sama da madatsar Zariya shi ruwan zai fara riska. Idan aka rage saki da niyyar a hana noma, manomin sama zai ci gaba da zuƙa kamar kullum, matatar gari ce za ta ga ragi, na ƙasa da ita kuma su ga yashi. A takarda gari ne na farko, a bakin kogi kuwa wanda ke sama shi ne na farko.

Kuma injinan nan ba ƙananan abu ba ne idan aka tara su. Inji mai bakin inci uku yana iya jan lita dubu a minti idan sabo ne. A ce yana ba da kubik mita 40 a awa, yana aiki awa shida, 240 kenan a rana. Irinsa 625 sun sha abin da matatar gari ke sha. Duk wanda ya bi fadamun Galma da rani ya ji ƙararsu ta ko'ina zai gane cewa wannan adadi ba mai nisa ba ne a kogi mai tsawo haka. Tun da shirin Fadama ya zo a farkon shekarun 1990, ƙananan injina da rijiyoyin fadama suka maye gurbin jigo, kuma alheri ne babba, gidaje da yawa da su suka tsaya da ƙafafunsu. Sai dai rijiyar da aka haƙa a bakin kogi daga ruwan kogin take sha ta ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ita ma tana cikin lissafi.

Ma'anar wannan ita ce mai riƙe da ƙofa ba zai iya aiwatar da hanya ta uku shi kaɗai ba. Adadin hektar da za a noma yarjejeniya ce, kuma sai an ƙulla ta da waɗanda ake jin maganarsu a bakin kogi: hakimai da dagatai, sarakunan noma, shugabannin ƙungiyoyin manoman rani, ardo-ardo saboda mashaya, sarkin ruwa saboda masunta. Mutanenmu sun iya rabon ruwa, a lambu ɗaya ma akwai mai safe akwai mai yamma. Abin da ba su da shi shi ne labarin tafkin a kan lokaci. Manomin da aka gaya masa a Nuwamba, aka nuna masa ma'auni da dalili, ya kuma ga an matse gari ma, zai fi sauƙin yarda da wanda aka zo wa da umarni a Fabrairu yana kallon furen gonarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rabon kwana ma sai an yi la'akari da tafiyar ruwa. Ruwan rani da ke gudun sulusin mita a daƙiƙa yana cin ƙasa da kilomita 30 a yini da kwana, don haka abin da aka saki yau sai bayan kwanaki zai iso. A nan madatsar Zariya take da amfani na musamman, domin ita ce randar da ke riƙe ruwan 'yan kwanaki tsakanin saki da zuƙa. Lissafin gaske tafki biyu zai haɗa, na sama da na ƙasa. Akwai ma wata riba a ciki: ruwa ya fi aminci daga rana a inda yake da zurfi da ƙarancin faɗi, saboda haka inda aka ajiye shi a watan Maris yana da tasiri a kan yawan abin da zai rage.

Ba kuma za a ce a riƙa sakin ruwa daidai wa daida duk shekara shi kenan ba. Abin da ya faru a Kogin Haɗeja ya isa darasi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudu a rani inda a da yake bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Kogi yana buƙatar tashinsa da saukarsa, fadamar Galma ma da ambaliyar damina take samun sabuwar ƙasa.

Inda ake iya samo ruwa ba tare da an hana kowa ba

Wurare biyu suka fito fili. Idan aka gyara ban ruwa har asara ta sauko daga rabi zuwa kashi huɗu cikin goma, ta hanyar daidaita fangali, da jan ruwa da tiyo maimakon doguwar lambatu, da shayarwa da sassafe ko yamma, hekta za ta ja 10,000 maimakon 12,000. A hekta 3,000 miliyan 6 kenan, rabin giɓin. Sai dai a yi hattara, wani ɓangare na ruwan da ake cewa ya salwanta a gonar sama yana tsiyayowa ya koma kogi, na ƙasa su sha. Ribar gaske ba za ta kai shidan ba. Na biyu, bututun cikin gari. Duk kashi ɗaya cikin goma da ya zube a hanya lita miliyan 15 ne a rana, sama da miliyan 3 na kubik mita a rani ɗaya, kuma ruwa ne da aka riga aka kashe masa alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da wutar lantarki.

Akwai kuma abin da ke cin lissafin a ɓoye, wato laka. Adadin da aka rubuta ranar buɗe madatsa ba ya zama haka har abada. Misalin yana kusa da mu: madatsar Kubanni da ke ba Jami'ar Ahmadu Bello ruwa, wadda aka gina a 1973, binciken malaman jami'ar ya nuna laka ta cinye kaso mai yawa na cikinta, saboda noma da gine-gine da zaizayar ƙasa a yankin da ke zuba mata. Ma'aunin da ke jikin bango zai nuna tsayin ruwa daidai, amma yawan ruwan da ke ƙarƙashin wannan tsayi ya ragu. Idan ba a riƙa shiga kwalekwale ana sake auna zurfin tafki duk bayan 'yan shekaru ba, mai lissafi zai riƙa raba ruwan da ya riga ya zama taɓo.

Amsar da na kai wa kawu

Na koma Dakace ranar wata Juma'a bayan an sauko. Na ce masa, "Kawu, amsarka tana kan tsayin ruwan Kuzuntu a farkon watan nan. In ya cika, za ka kai Maris har ka wuce. In bai kai kashi biyu cikin uku ba, ku na ƙasa ku ne za ku fara gani, kuma a Fabrairu za ku gani." Na ba shi shawarar kada ya dasa duka a lokaci ɗaya: ya fara da kaso mafi girma yanzu don ya tsinke kafin zafi, gefen da ya fi nisa da kogi ya sa albasa, sauran ya dakata ya ga yadda ruwan zai yi zuwa ƙarshen Disamba.

Ya yi shiru yana murza ƙasa a hannu, sannan ya ce, "To wa zai gaya mana tsayin ruwan?"

Wannan adadi ɗaya, idan ana karanta shi a rediyo duk farkon wata kamar yadda ake karanta farashin hatsi, tare da layin da ke nuna inda ya kamata ruwan ya kasance a wannan watan, zai canza shawarar dubban gidaje kafin su kashe ko kwabo. Kafin a kai ga haka, mun yi abin da ke hannunmu. Muka samo gora mai ƙwari, muka yi mata zane da jan fenti duk bayan santimita goma, muka kafa ta a gindin dutsen da ke bakin lambun inda ruwa ba ya ɗauke ta. Jikansa da ke aji biyu na sakandare ya karɓi aikin. Duk Juma'a bayan la'asar zai duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta kwanan wata da lamba a littafin makaranta, ya turo mini hoton shafin ta WhatsApp. Kawu ya dasa kashi biyu cikin uku na gonar a makon da ya biyo.